Ranar da Na Ɗaure Jirgin Sama a Gonata

Ba zan taɓa mantawa da daminar da jirgin sama ya sauka a gonata ba, ko ina so in manta, mutanen ƙauyenmu ba za su bari ba.

Ni dai a yankin Tchaké an san ni. Ban yi karatun lakwal ba, amma ido gare ni. Gonar kowa sai na leƙa. Wanda ya makara da noma in faɗa mishi, wanda ciyawa ta ci hatsinshi in faɗa wa uwarshi. Akuyar da ta shiga gonata kuwa, igiya ce, sai ƙofar mai gari. (Har ta surukina na taɓa kaiwa, ban yi nadama ba.)

Ran nan da hantsi ina gindin gawo, na ji ƙara sama tana yankewa kamar tarin tsoho. Kafin in tashi, wani ƙaramin jirgi ya faɗo cikin gonata, ya yi ta tsalle yana tada rairayi, ya tsaya. Mata suka watsar da itace suka ruga. Ni kuwa na ɗauki igiyar awaki, na ɗaure ƙafar jirgin, na kai ɗaya bakin igiyar jikin gawo, na ƙulle tam.

Matuƙin ya fito yana share zufa, mutum kamili, da Hausa a bakinshi.

"Inna, ki yi haƙuri, isansi ne, man jirgin, ya ƙare mini."

"Isansi? Ɗan kabu-kabu ma yana girgiza tanki kafin ya tashi, kai da ke bin sama ba ka iya dubawa? Wannan abin ba ya motsawa sai mai gari ya zo ya ga ɓarna."

Mai gari ya zo, gari duka ya biyo shi. Na gyara ɗaurin zane, na ɗaga murya yadda na baya za su ji, na ce an kashe mini hatsin da babu irinshi a karkarar nan.

Mai gari ya ce, "Malam, ga gonaki sun cika daji, mi ya sa ka zaɓi ta Gwaggo?"

Bawan Allah ya sunkuyar da kai. "Ranka ya daɗe, feshin fara aka turo ni, iska ta sa na yi dogon zagaye. Da na ga man ya ƙare, sai na nemi wurin da babu shuka don kada in cuci kowa. Ko'ina hatsi ya rufe ƙasa. Nan kaɗai na hango fili. Wallahi na zaci saura ce."

Saura! Gonar da aka bari ta huta!

Sai Tsahara, wadda na shekara ina yi wa gorin ciyawa, ta ce a hankali, "Gwaggo, ai jirgi ba ya ƙarya, daga sama ya gani." Dariya ta ɓarke, har mai gari ya rufe baki da rawani.

Na duba ƙasa. Kara biyar jirgin ya karya, su ma ba su kai gwiwata ba. Ƙullin igiyar nan kuma ya ƙi kwancewa, sai da matuƙin ya durƙusa ya taya ni.

Da mota ta kawo mishi mai da la'asar, na aika mishi da fura, ban fito ba.

Har yau ina leƙa gonakin mutane, hali ne. Amma sai na fara zagaya tawa, kuma in na ji ƙara a sama, bakina nake kamawa.