Bishiyoyin Gwaggo Ba Sa Cikin Haɗari

Jama'a, shekaranjiya na rufe rumfar facina tun da safe, na yi asarar cinikin yini guda, don in kai Gwaggo taron rabon kuɗin daji. Awa uku na yi a layin mai ina tura babur. Ita kuma tana zaune a gefen titi da takardarta a leda, duk wanda ya gaishe ta sai ta ce masa yau za a sallame ta. Da na isa bakin famfo aka ce lita biyu kacal ake ba mai babur. Na ce madalla, Allah ya saka wa manya da alheri, ai da an ba ni uku da na sangarce.

Bari in kwance muku zancen daga tushe. Gwaggo ƙanwar mahaifina ce, ta haura saba'in. Tana da wani kurmi a bayan gari wanda mijinta ya mutu ya bar mata, kuma shekara arba'in ke nan tana gadinsa da sanda da kaifin baki. Masu gawayi sun san ta, masu itace sun san ta. Ni kaina, ranar da na je neman reshe ɗaya tak don in tokare rumfata, da gudu na fito, takalmina ɗaya yana can har yau. Amya ta rataya a bishiyoyin, sama da talatin, kuma da zumar take ci, da ita take sayen maganin ƙafa.

Shekara biyu da suka wuce sai ga fararen motoci. Wani Mai Girma Babban Jagoran Ceto Iskar Duniya ya sauko, aka riƙe masa lema, ya yi mana bayani. Wai masu manyan masana'antu a can ƙetare sun cika sama da hayaƙi, bishiyoyinmu ne ke shanye shi, don haka za su riƙa biya a bar bishiyoyin a tsaye. Ni fa mai faci ne, shekara ashirin ina sayar da iska, amma ko ba komai kana biyana za ka ga tayarka ta kumbura. Tasu iskar ba a gani, ba a taɓawa, kuma da kuɗin waje ake saye. Wallahi sai na ji na raina sana'ata.

Sharaɗi biyu ne: ba sara, ba wuta. Gwaggo ta yi dariya ta ce ai ita ta riga su, ta dangwala yatsa a takardar yarjejeniya. Sai da lokacin cire zuma ya zo aka ce mata hayaƙin da ake yi wa ƙudan zuma shi ma wuta ne. To ku faɗa mini, wa ya taɓa cire zuma ba hayaƙi ya koma gida da fuskarsa? Shekara biyu zuma na cika amya tana zuba, Gwaggo na kallo, mu kuma muna karo-karo muna kai mata abin sawa a tukunya. Mace ce da ba ta taɓa miƙa wa kowa hannu ba, kuma abin yana ci mata rai ƙwarai.

Amma kada a ce ban yaba ba, wajen sa ido an yi ƙoƙari. Sau shida masu awo suka zo. Sukan zagaya kowace bishiya da tef daidai ƙirjin mutum, su buga mata ɗan gwangwani mai lamba. Na farkon dogo ne zanƙalele, na biyun gajere, sai rahoto ya nuna duk bishiyoyin sun yi ƙiba a wata huɗu. Da dogon ya dawo suka rame. Kwana uku aka yi a otal ana taro a kan ƙirjin wa za a bi, aka tashi da kafa kwamiti.

To, mu koma zauren taro. Mun tarar janareta na ruri, sanyi kamar cikin firji, manya sun jeru a bayan wani tebur na katakon madaci wanda sai ƙarti goma za su ɗaga. Mai Girma ya karanta yadda aka raba alherin. Kaso na masana da suka tsara shirin, kaso na masu awo, kaso na masu duba masu awo, kaso na waɗanda suka zo daga ƙetare su duba masu dubawar. Akwai na motoci, akwai na buga rahoto mai sheƙi. Abin da ya rage, in ji shi, na al'umma ne baki ɗaya, kuma muka tafa har hannu ya yi zafi.

Sunan farko da aka kira shi ne Mai Zarto. Na san shi farin sani, shekara goma ina yi wa motocinsa na dakon gungume faci. Shi ya aske dajin gabas tas, har akuya ba ta samun inuwa. Aka miƙa masa ambulan mai kauri da allon yabo, wai Gwarzon Rage Sare Daji, saboda bara bai sare ko ɗaya ba. Gaskiya ne kuwa, bai sare ba. Babu sauran abin sarewa.

Aka gama kira, ba a kira Gwaggo ba. Ta dafa sandarta, na bi ta a baya, muka je gaban wani Ranka-ya-daɗe Mai Riƙe da Jerin Sunaye.

"Ɗan nan, ko an tsallake ni ne?"

Ya latsa kwamfuta, ya juyo mana da ita. "Mama, ga hoton kurminki daga tauraron ɗan'adam shekara goma da suka wuce, kore shar. Ga na bana, kore shar. Bishiyoyinki ba sa cikin haɗari."

"Ai ni na hana su shiga haɗarin."

"Shi ne matsalar, Mama. Mu raguwar sara muke biya. Ke ba ki taɓa sara ba, to me kika rage?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, wato laifinta shi ne ba ta yi laifi ba?"

Ya ce kada in sa siyasa a harkar kimiyya.

Gwaggo ta ce to a mayar mata da dangwalenta ta je ta hura wuta ta ciri zumarta. Ya ce yarjejeniyar ta shekara talatin ce, ta yi haƙuri, kamar yau ne. Sai dai, in ji shi, idan aka samu barazana a wurin, za a iya duba sunanta a zagaye na gaba. Tana juyowa ta yi ido huɗu da wani ƙaton allo da ke bayan manya, ta tsaya cak.

"Kai, wannan ba tsamiyata ba ce?"

Ita ce. Kurmin Gwaggo ne aka buga a allon, shi ne a bangon rahoton, da rubutu a ƙasa wai ga irin nasarar da shirin ya samu. A hanyar komawa ko zagi ɗaya ba ta yi mini ba, alhali tun da nake ban taɓa ɗaukar Gwaggo a babur ba ta zagi tuƙina ba.

Da na ba Tela maƙwabcin rumfata labari, ko ɗago kai daga keke bai yi ba. Ya ce, "Kai ma da neman wahala. Ka taɓa ganin an biya likita don mutum bai yi ciwo ba? Ku sa wa kurmin ciwo mana." Na ce Allah ya kiyaye, Gwaggo ta gwammace a sare mata hannu.

Ashe ban san yunwa ba. Yau da sassafe sai ga ta a ƙofar rumfata da gatari, aro ta yi a gidan Mai Zarto. Ta ce in zo. Muka shiga kurmin, na nuna wata bishiya, ta ce a'a, a gindinta marigayi Malam, mijinta, yake hutawa. Na nuna wata, ta ce ita ta dasa ta shekarar da ta haifi 'yarta ta fari. Ta uku akwai amya. Muka yi ta zagaye har rana ta take, kowace da dalilinta. Daga ƙarshe ta miƙo mini gatarin, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya baya.

"Kai ka zaɓa. Ni na san su duka."

Na zaɓi wani matashin madaci mai lamba tamanin da bakwai. Ban iya sara ba, sai da hannuna ya yi kanta kafin ya faɗi, kuma ina sara ina jin kunya irin wadda ban taɓa ji ba. Da ya kai ƙasa Gwaggo ba ta juyo ba. Daga inda take ta ce, "Je ka tambayo mini ɗan nan mai kwamfuta, guda nawa suka rage kafin in zama mai ceto daji?"

Saboda haka, jama'a, idan baɗi kuka ji manya na shelar an rage sare bishiya a yankinmu, ku tafa da kyau. Ni da Gwaggo ne muka samo musu abin da za su rage.