Ranar da Na Yi wa Shugaban Makaranta Gashi

Ko na manta da komai na zamanmu a garin Laurel, can ƙasar Turawa, ba zan taɓa mantawa da ranar da na buɗe jakar 'yata Hanifa ina neman kwanon abincinta, na ci karo da wata takarda a naɗe ba. Ina warwarewa sai ga shugaban makarantarsu an zana shi da fensir. Hancinsa kamar doya, tumbi ya ɓalle maɓallan riga, sanƙonsa har da ɗan tsuntsu a zaune a kai. Abin haushin, kana gani ka san shi ne.

A garinmu ko sunan hedimasta ba ka iya kamawa, balle hancinsa. Na ce shi ke nan, za a kori yarinyar nan, bayan wahalar da babanta ya sha kafin ta samu makarantar. (Ni karatuna bai wuce aji biyu na sakandare ba, amma tsoro kam ina da digiri a kansa.)

Ban ce mata komai ba, don na san da Turanci za ta kare kanta har in rasa bakin magana. Tana wanka na ɗauki fensir da abin gogewa. Na rage hancin, na shafe tumbin, na kori tsuntsun. Da na ga kan ya yi fili da yawa, sai na cika masa gashi, har da tsaga a gefe. Na naɗe na mayar.

Ranar Juma'a aka gayyaci iyaye kallon aikin yara. Malamarsu ta fara nuna mana wasu tsofaffin zane-zane na Ingila, na shekaru ɗari biyu da wani abu. Wai a kan farantin tagulla ake sassaƙa su, a buga da yawa, a manna a tagar shago, talakawa su taru suna dariya. Ga sarki guda da kambinsa, ciki kamar randa, yana sakace haƙori da cokali mai yatsu. Ga waziri siriri kamar tsinken tsire. Na lura ba wanda ya ji kunya a ɗakin sai ni.

Sai ta ce aikin yaran ke nan: su zana shugaban makaranta irin haka, kuma shi da kansa ya ba da izini.

Na juya na dubi bangon da aka manna zanen yaran. Hanci, hanci, tumbi, hanci. A tsakiya kuma ga wani kyakkyawan saurayi kamar ango, da sunan Hanifa a ƙasa.

"Wannan ba nawa ba ne!" in ji Hanifa da Turanci, ido ya kawo ruwa. Sai ta juyo ta dube ni, ta koma Hausa, abin da ba ta yi sai ta ƙule. "Mama. Ina tsuntsuna?"

Da guntun Turancina na ce ni ce, na ji tsoro ne kada a kore ta. Ina magana mayafi na zamewa.

Shugaban ya matso, ya daɗe yana kallon hoton, ya shafa sanƙonsa. Ya ce, "Tun ina jami'a rabona da gashi irin wannan. Don Allah a bar mini, ofis zan kai shi."

Ɗakin ya fashe da dariya. Ni kuwa numfashi kawai na sauke. Malamar ta ce Hanifa ta sake zana wani ta kawo Litinin, ba za a rage mata maki ba.

Ta sake kuwa, tsuntsu biyu ta sa wannan karon. Sannan ta ƙara wani zanen da ba a sa ta ba: wata mata mai idanu kamar faranti, tana gudu da abin gogewa ya kai buhun shinkafa girma. Babanta ya manna shi a jikin firji, duk baƙon da ya shigo sai ya ce, "Kai, Maman Hanifa sak!"

Yanzu in na ga abin da ya tsorata ni a jakarta, tambaya nake fara yi. Hoton firjin kuwa, kullum sai hannuna ya yi ƙaiƙayin rage idanun, amma da biro ta zana shi.