Rasuwar 'Yar Baƙa a Rumfar Albasa

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har baki, Hafizu Na'ibi na Ƙaura Namoda, mai tsara wa mutane shafukan intanet, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutarsa ta hannu, wadda yake kira 'Yar Baƙa.

Marigayiya mai haƙuri ce, Allah ya sani. Ta sha ɗaukewar wuta, ta sha goyon babur zuwa Zurmi, ba ta taɓa ƙorafi ba. In aiki ya yi mata nauyi, sai dai a ji fankarta tana "fuuu", kamar mai ajiyar zuciya. A gabanta aka sha ce wa maigidanta, "Wanga aiki ai danna-danna na, ko yaro ya yi shi." Ita kaɗai ta san ba haka ba ne.

Ajali ya same ta a Shinkafi. Alhaji Jatau, dillalin albasa, aminin mahaifin Hafizu, ya sa aka yi masa shafi. Da Hafizu ya nuna masa shafin a 'Yar Baƙa, Alhaji ya ga hotonsa ya fito, sai ya rufe ta ya maƙale a hammata.

"Madalla, ɗana. Allah shi yi albarka."

Hafizu ya durƙusa ya ce, "Baba, shafin ba cikinta yake ba. Ko'ina aka buɗe za a gan shi."

"Kai, yaro! Da idona na gane shi ciki."

Wa zai ƙwace abu daga hammatar aminin ubansa? Hafizu ya bar ta, da niyyar ya roƙo ta kasuwa mai zuwa. Aka ɗora ta bisa buhuna, ƙarƙashin rufin kwano mai yoyo, ruwan farko na damina ya sauka a kanta. Da Hafizu ya karɓo ta, mai gyara a Gusau ya buɗe ta, ya girgiza kai, ya mayar da murfi.

Ta bar caja ɗaya, da jaka mai tsinkakken hannu, da ayyukan mutane da ba a ƙarasa ba, da saurayin da bai da wata sana'a. Alhaji ya aiko, amma ba ta'aziyya ba: tambaya yake me ya sa hotonsa ya daina fitowa.

Ba za a yi wa mamaciya wanka ba, ta sha ruwa isasshe. Za a sa ta a jakarta ranar kasuwar Shinkafi, a ɗauke ta a babur kamar yadda ta saba. Da masu gaisuwa suka tambayi makwancinta, Hafizu ya share ido ya ce:

"Alhaji zan kai wa gawar. Tunda shafinsa na ciki, ya buɗe ya ɗauki abinsa."