Murhun Goggo Dudu

Abokina Zailani irin mutanen nan ne da in ka tambaye su ina gajiya, sai su gaya maka shekarun dutsen da kake tsaye a kai. Ilimin duwatsu yake koyarwa a Gombe, kuma digirin dakta ya sa a gaba. Mu 'yan majalisarsa mun sha bayanin aikin nan har mun haddace, ba don muna so ba. Wai tun babu ɗan'adam a duniya ƙasar yankin Binuwai ta miƙe kamar ana jan kwaɓin fulawa, ta tsage, gefe ɗaya ya zame ƙasa, ɗaya ya taso. Duwatsun da ke can ciki cikin zafi suka matso sama, suka huce. Shi kuma so yake ya gano yaushe suka huce, don ta nan ne za a san yaushe tsagar ta motsa. Ya ce akwai wasu 'yan ƙwayoyi a cikin dutse da ke lissafin shekaru kamar agogo, tun daga lokacin da ya huce. Zafi ne kawai ba sa so. In aka sake gasa dutsen, lissafin ya goge, sai a fara daga farko.

Rani guda ya yi yana hawa tsaunukan wajen Kaltungo da guduma. Kunama ta harbe shi, takalminsa ya buɗe baki, ya dawo ya rame ya yi baƙi, amma da manyan duwatsu uku, kowanne ya rubuta masa lamba da jan fenti. Wani ɗakin bincike a Turai ya yarda zai auna masa su, kuma sau ɗaya tak aka ba shi gurbi. Matarsa ta ce ba za ta kwana ɗaki ɗaya da duwatsu ba, sai ya zuba su a buhu ya jingine a bayan ɗakin girki.

Ana haka matar ta haihu. Goggo Dudu, ƙanwar mahaifinsa, ta zo daga ƙauye don ta yi mata wankan jego. Shi kuwa ya tafi Abuja neman takardar izinin fitar da duwatsun, aka yi ta ce masa ya dawo gobe har ya kusa rasa bikin suna. Goggo ta duba murhun gas ɗin gidan ta taɓe baki, ta ce wannan ko ruwan shayi ya tafasa ya yi ƙoƙari, ina shi ina ruwan mai jego safe da yamma.

Ni na ɗauko shi daga tasha, don haka a kan idona aka yi. Muna shiga tsakar gida muka tarar da wata ƙatuwar tukunya tana zaɓalɓala, wuta na ci bal-bal, a ƙarƙashinta kuma duwatsu uku sun yi baƙi ƙirin. A jikin ɗaya ana iya hango ragowar jan fenti.

Zailani ya saki jaka. "Innalillahi! Goggo, ina kika samo duwatsun nan?"

"Haka ake shigowa gidan haihuwa, ba sallama ba gaisuwa?" Ta gyara itace. "A buhu na gan su. Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Duk cikin 'ya'yan yayana kai kaɗai ka san a tanadi murhu kafin mace ta sauka. Har da lamba ka sa musu don kada in ruɗe."

Sai ya zauna daɓas a ƙasa da farar shaddarsa. Wallahi na tausaya masa, amma sai da na juya baya na ciji hannun rigata.

"Goggo, digirina kika ɗora wa tukunya. Turai zan kai su."

"Turai? Su can ba su da duwatsu ne?"

"Aunawa za su yi, su gaya mini lokacin da suka huce. Yanzu kin gasa su, komai ya goge."

Goggo ta tsaya da ludayi a hannu. "Daidai lokacin za su gaya maka?"

"To, kusa da daidai. Za su ce wajen shekara miliyan ɗari, ko ya ɗara da miliyan biyar, ko ya gaza da miliyan biyar."

"Miliyan biyar! Kuma a haka za a kira ka dakta?" Ta dube ni, ta dube shi, ta tura wani ice cikin wutar. "Ɗauko biro ka rubuta, ba sai ka hau jirgi ba. Bayan isha'i suke hucewa. Ranar da na dafa ƙafar saniya ce kawai suka kai asuba."