Rasuwar Gorar Gidan Ashafa a Jurf

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Muhyiddeen Ashafa, mai harhaɗa magunguna mazaunin unguwar Jurf a Madina, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar bishiyar gorar gidanmu, wadda ta cika ranar Talata, 14 ga Agusta 2001, tana da shekara uku da wata bakwai.

Marigayiyar 'yar asalin ƙasar sanyi ce. Surukina Dakta Usmanu ne ya kawo saiwarta daga Ingila cikin azumin 1998, don ta zame mana shamaki bayan maƙwabcinmu Ammu Abdussamad ya ɗora bene, tagarsa ta leƙo tsakar gidanmu, har matata Sakinatu ta koma shanya kaya sanye da abaya. Takardar da ke rataye a wuyan gorar ta shaida cewa tana jure ƙanƙara mai kashe itatuwa. Wannan baiwa ba ta taɓa samun damar nuna ta ba.

Mai haƙuri ce, mai kunya. An ce za ta kai mita shida, amma saboda tawali'u ta tsaya daidai kafaɗata. Ruwan famfo ya yi mata gishiri, sai ta rayu da ɗigon na'urar sanyaya ɗaki. Har Khaibar na je nemo mata taki. Da la'asar, idan iska ta motsa, takan ce shuu, shuu, a hankali, ni kuma in ajiye shayina in saurara.

Ciwon ajali ya fara ne makon da na'urar ta lalace, iskar zafi kuma ta taso. Ganye ya naɗe, ya yi ruwan ƙasa. Na kafa mata rumfa da zanin gado, na shayar da ita ruwan kwalba. Sautinta na ƙarshe ƙaras, ƙaras ne.

Ta bar ni, da Sakinatu, da 'yarmu Afnan wadda ta yi mini gaisuwa da Larabci, da tiyo guda, da rabin buhun taki.

Muna godiya ga Ammu Abdussamad, wanda ya fara zuwa ta'aziyya. A nan ya shaida mana cewa ɗakin mai tagar nan ma'ajiyar tsofaffin katifu ce, tun da aka gina shi ba a taɓa buɗe tagar ba. Daga ranar Sakinatu ba ta ce mini uffan ba.

Za a tuge gawar ranar Alhamis bayan sallar asuba, motar shara ta baladiyya, wato hukumar gari, ta ɗauke ta. Sanda mafi tsawo za ta zauna a gida, Sakinatu na son ta don kakkaɓe yanar gizo-gizo. Ana karɓar gaisuwa bayan la'asar. Duk mai niyyar zuwa da wani dashen, uwargida ta aiko ta bakin Afnan cewa ya tsaya a bakin ƙofa.