Allon da Yake Bin Huda

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Horar da Malamai kan Daidaito da Tafiya da Kowa.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin wadda ƙaramin ma'aikaci ke yi wa babba, hannu biyu, kai a sunkuye, ina fatan kana lafiya, da kai da iyali da na'urar sanyaya ofis. Sunana Hapsatu Sali, malamar aji biyar a wata firamaren gwamnati a Nassarawo, nan Mubi. Shekara goma sha tara ke nan ina shaƙar ƙurar alli. Ina cikin masu gyaɗar dogon da suka halarci bitar kwana uku da kwamitinka ya shirya mana a Yelwa, inda aka koya mana yadda za mu tafi da kowane yaro ba tare da nuna bambanci ba. Takardar shaidar da aka ba ni na liƙa ta a bangon aji, ta toshe wani rami da ƙadangaru ke shigowa ta ciki. Ka ga tun ba a je ko'ina ba bitar ta yi rana.

Wasu 'yan abubuwa ne suka tsaya mini a wuya, na ce bari in amayar da su gaban wanda ya fi ni sani.

Na ɗaya. Malamin bitar ya yi kwana uku cur yana bayyana mana darajar harshen kowane yaro, kuma cikin ikon Allah ko tuntuɓe bai yi ya faɗa cikin ɗaya daga harsunan nan ba. Turanci ne zalla, irin na hanci. Ni kuwa yara tamanin da huɗu ke gare ni: masu Fulatanci, masu Gude, 'yan Kamwe da iyayensu suka sauko daga Michika, Margi, Fali, ga 'ya'yan 'yan tireda daga Sakkwato waɗanda Hausarsu ma sai mun kasa kunne sau biyu. Kafin ajina ya zauna sai na ce "zauna" da harshe shida. Shin laifi ne da a cikin kwana ukun nan an ware minti goma an tambaye mu yadda muke yi? Ko da yake na gane, wanda ya zo daga nesa da majigi ba ya tambayar mai alli.

Na biyu, maganar majigin. A rana ta ƙarshe an haska mana hoton yara uku suna leƙen ƙwallo ta kan katanga, dogo da matsakaici da gajere, kowanne an ba shi akwati ɗaya ya taka. Dogon na kallo, matsakaicin na kallo, gajeren kuma katanga yake kallo. Malamin ya ce mu lura da kyau, hoto na biyu na tafe. Sai wuta ta ɗauke. Janareta ya yi tari sau biyu ya yi shiru, aka raba shinkafa, aka ɗauki hoton haɗin gwiwa, kowa ya nemi keke napep ya kama gabansa. Bayan sati guda wata abokiyar aikina ta nuna mini hoto na biyun a wayarta. Ashe a cikinsa an ɗauke akwatin dogon an ƙara wa gajeren, kowa ya ga ƙwallo. Ranka ya daɗe, ina tambaya cikin ladabi: a ofishinku ma wutar ta ɗauke ne kafin hoto na biyu?

Dalilin tambayar shi ne na uku, kuma shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki biro. Sakular, wato takardar umarnin da ta biyo bayan bitar, ta ce zaman gaban aji gata ne, gata kuwa dole kowa ya ɗanɗana. Saboda haka duk ranar Litinin kowane layi zai ja baya da benci ɗaya, na ƙarshe ya dawo gaba. Wallahi da na karanta sai da na yaba, don a takarda abin ya yi kyau kamar sabon zane.

To, akwai Huda. Shekararta goma sha ɗaya. Sanƙarau ya tafi da kunnenta ɗaya gaba ɗaya tun tana ƙarama, ɗayan kuma ya bar mata kaɗan. Da ido take ji. Bakina take kallo, ta tsinci magana daga leɓena, shi ya sa ko ƙaiƙayi nake ji ba na juya wa aji baya ina magana. Shekara biyu tana bencin farko, kuma a zangon da ya wuce ita ce ta huɗu cikin tamanin da huɗu. Layuka shida ne a ajina. Bisa lissafin kwamitinka, Huda za ta ji darasi sati ɗaya, ta huta sati biyar.

A layi na biyu ta yi ta miƙa wuya. A layi na uku muka yi shifta, ta ci biyu cikin ashirin, yarinyar da ba ta taɓa sauka ƙasa da sha shida ba. Ba ta yi kuka ba, ta dai ninke takardar ƙanana-ƙanana ta cusa a jaka, daga ranar kuma ta daina ɗaga hannu. Da aka kai layi na huɗu sai ga mahaifiyarta, Na'imatu mai awara, a ƙofar aji. Ta ce da Hausarta irin ta nan, "Malama, yarinya ya ce ba ya jin komai a baya can. In makaranta ya gaji da shi ne, ku gaya mini, ya zauna gida ya taya ni tuya." Ranka ya daɗe, na sha jin maganganu a aikin nan, amma wannan ta ƙona ni. Kunya ta kama ni kamar ni na rubuta sakular.

Na huɗu. Na kai kuka wurin hedimasta, Malam Gabdo, mutumin kirki. Ya saurare ni har ƙarshe, ya cire hula ya sosa kai, ya ce, "Malama Hapsatu, sakula ne fa. Ni saura wata takwas in yi ritaya, kar ki ja mini." Na jira sufeto, Malam Mansir, wanda aka ɗora wa duba juyin benci. Shi ma ya tausaya, har ya girgiza kai, sannan ya nuna mini fom ɗinsa. Gida biyu ne kacal a ciki: "an juya" da "ba a juya ba". Ya ce duk malamin da ya faɗa gida na biyu takardar tuhuma ce za ta same shi. Na juya fom ɗin gaba da baya ina neman gidan da aka rubuta "yaro yana ji", ban gani ba. Wataƙila yana shafi na biyu, tare da hoton nan.

Yanzu bari in tona wa kaina asiri kafin wani ya riga ni. Na sake karanta sakular sau uku, na ga ta yi magana a kan yara, ta yi magana a kan benci, amma ba ta ce uffan a kan allo ba. Allon bangonmu kuwa ya daɗe da zubewa, na katako muke amfani da shi, mai ƙafa uku. Washegarin zuwan Malam Mansir na sa aka cicciɓe shi aka kai jikin bangon gefe, daidai saitin Huda, na tsaya a gabanta, aji duka ya karkata ya fuskance ni. Wannan satin tana layi na biyar, allo ma yana can. Yara suna juyawa yadda ka umarta, ba a tsallake Litinin ko ɗaya ba, sai dai duk inda Huda ta sauka nan ne gaban aji. 'Yan bayan da suka saba barci sun wayi gari ga ni a kansu, suna ta ƙorafin an zalunce su. Jiya muka yi shifta, Huda ta ci sha bakwai. Ta ɗaga hannu sau biyu, sau ɗaya ma don ta gyara mini kwanan wata.

Roƙona ƙarami ne, bai kai girman ƙudurorin bita ba. A ƙara layi ɗaya a sakular: yaron da ba ya ji sosai ko ba ya gani sosai ya zauna inda zai ji, inda zai gani. Ba Huda kaɗai ba ce a garin nan, kuma ba kowace makaranta ke da allo mai ƙafa ba. In kuwa dabarata laifi ce, a aiko da takardar tuhumar, zan karɓa hannu biyu, akwai wani ramin a bango da ke jira. Amma muddin ina riƙe da allin ajin nan, yarinyar nan ba za ta koma gaban kasko don ana so fom ya yi kyau ba.

Saura sanarwa ɗaya, don kada a ce ban faɗa ba. Litinin mai zuwa Huda za ta kai layi na shida, bencinta kuwa dab da ƙofa yake. Da zarar yara sun gama shiga, allo zai tsaya a bakin ƙofar, ya toshe ta. Ranar ce kuma Malam Mansir ya ce zai dawo duba mu. Don Allah a sanar da shi kada ya ji komai, tagarmu ba ta da murfi tun bara, kuma daga nan ana ganin aji duka. Da yake Malam Mansir ba dogo ba ne, ni da yara mun tanadar masa akwati a gindin tagar.

Guda biyu.

Taka mai biyayya, wadda ba ta taɓa tsallake layin sakula ba,

Hapsatu Sali,
Malamar Aji Biyar,
Nassarawo, Mubi.