Sarkin Gajimare Ya Sauka a Gashua

Nguru ta yi dace, wallahi. Ba kowane gari Allah ke ba matuƙin jirgin sama irin Kyaftin Abdulganiyu ba, mutumin da bai taɓa ɓata lokacinsa wajen shiga jirgi ba. A shagonsa na buga takardu yake tuƙinsa, cikin manhajar koyon tuƙin jirgi ta kwamfuta, sanye da farar riga mai igiyoyi a kafaɗa, ɗinkin telan bakin kasuwa. Masu kifi suna kiransa Sarkin Gajimare, shi kuwa har hannu yake ɗaga musu.

Ilminsa kaf ɗaya ne. Shekarun baya manhajar ta ƙi tashi, wani ya nuna masa ɗan akwatin da ake sa wa alama, kwamfuta ta riƙa aiki irin na tsohon yayi. Sai ta tashi. Tun ranar ya riƙe alamar nan kamar laya.

Da Madam Nwamaka, mai makaranta a Gashua, ta nemi wanda zai riƙe mata ƙungiyar kimiyya, Kyaftin ya ce ai an gama. Sharaɗinta ɗaya: ya sauke jirgi lafiya a gaban iyayen yara, a sabuwar kwamfutar makarantar.

Ranar gwajin, yana zama gaban kwamfutar ya lalubo ɗan akwatin nan nasa, ya danna alama.

"Malam, wannan sabuwa ce fa," in ji Raudatu, malamar kwamfuta. "Alamar nan ɗaure ta za ta yi, hoton ya riƙa sarƙewa."

"Malama, ke karantawa kika yi, ni tashi na yi. Awa dubu uku a sararin samaniya. Matsa."

Jirgi ya tashi yana tsalle kamar amalanke a hanyar Jajimaji. Gajimare ya fito murabba'i-murabba'i. Hoton ya tsaya cik, ya zabura, ya sake tsayawa.

"Jama'a, wannan ita ce gargadar iska," in ji Kyaftin, gumi na bin igiyoyin kafaɗarsa. "Sai ƙwararru ake nuna wa ita."

Ya nufi filin sauka, filin bai gama bayyana ba. Kafin ya bayyana, Sarkin Gajimare ya riga ya dasa hancin jirgin a gonar wani bawan Allah. Iyaye suka yi salati, wasu suka toshe baki da mayafi.

"Saukar gaggawa ke nan. Da gangan na yi, don darasi."

Raudatu ta karɓi kujerar. Ta cire alamar, hoto ya miƙe sumul, ta sauke jirgin a hankali, Madam Nwamaka ta miƙa mata makullin ɗakin kimiyya.

Kyaftin ya kamo hanyar Nguru a gaban motar kifi, da rigarsa. Ko rabin hanya ba a yi ba ya dafa direba.

"Ɗan'uwa, don Allah rage gudu. Jiri nake ji."